Sandar Kaftin a Bakin Rariya

Malam ya rasu ranar Talata da hantsi. Wanda ya ba da shi ya karɓi abinsa, mu ma muna hanya. Aka yi masa salla a Haramin Madina bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ni matarsa ce. Mata ba sa shiga Baƙi'a, don haka ban ga ramin ba. Waɗanda suka gani ma ba za su gane wurin ba baɗi, domin a can ba a rubuta suna. Ɗan dutse ne a kai, irin na kowa. Abin da ya rage wa mutum sai abin da bakuna suka faɗa a kansa, kuma bakuna sun fara ƙarya tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Shi ya sa nake wannan magana. Ba don haka ba da na yi shiru, shirun ya fi mini sauƙi.

Aka jera kujeru a bakin titi, aka ja fitilu, aka dafa gahawa, yadda ake zaman makoki a nan Ƙuba. Maza a waje da cikin majalisa, wato falon baƙi, mata a tsakar gida tare da ni. Ina takaba, ba na fita. Amma ƙofar da ke tsakanin majalisa da tsakar gida tsohon katako ne mai tsaga, idona da kunnena kuma lafiyarsu lau.

Wata mata da ba ta taɓa taka gidan nan ba sai ranar, ta kama hannuna da hannu biyu. "Hajiya, ashe matar babban soja ce ke, kika ɓoye mana duk shekarun nan?" Na zare hannuna. Wata ta yi kuka har da shessheƙa, ta share ido, ta jawo auta gefe ta tambaye ta ko shinkafar da rago za a yi ko da kaza. Wata kuma, wadda mijinta ya taɓa hana Malam aron tsani, ta ce ita tun da can ta ga alamar mulki a tafiyarsa. Tafiyar Malam ta mai ciwon gwiwa ce.

Na maza ya fi. Wani tsohon hafsa daga gida Najeriya, wanda ya zo Umra, wani ya kwaso shi daga otal ya kawo shi. Bai taɓa ganin Malam ba, ko a hanya. Ya shiga majalisa, ya ga sandunan hafsoshi da aka jera a kan jan ƙyalle, ya ƙame ya sara musu. Ya ce, "Irinmu sun ƙare. Mu hafsoshi muna gane juna ko ba mu haɗu ba." Ya ɗauki mai kan azurfar, ya soke ta a hammata, ya yi ta kai da kawowa a kan kafet yana nuna wa mutane yadda ake tafiya da ita. Daga baya ya kai ta hanci ya shaƙa, ya lumshe ido. Ni na san inda sandar nan take kwana. Na toshe bakina da mayafi, kafaɗuna suna rawa. Matan suka ɗauka kuka ne ya zo mini, suka yi ta ba ni haƙuri.

Mutum ɗaya ne ya zo don Malam. Wani mutumin Damagaram, lebura a gonakin dabino. Ya zauna a kujerar ƙarshe, bai sha gahawa ba, bai kalli sanda ba. Zan dawo kansa.

Ga wanda bai san irin sandar ba: gajera ce, ba ta kai tsawon hannu ba. Ba a dogara ta. Ba ta isa kora shanu ba. Kanta azurfa ne ko tagulla, wata an naɗe ta da fata. Hafsoshin soja ne ke riƙe ta a lokacin yaƙi, su soke a hammata, su nuna wannan da ita, su taɓa ƙirjin wancan. Malam ya ce amfaninta ɗaya ne, a san mai ita ba ya ɗaukar kaya. Yanzu wai masu kuɗi suna tara su, suna sa su a gilashi. A gidanmu akwai da yawa, kuma ɗanmu na fari ne ya kawo duka, ban da guda ɗaya.

Sai na faɗi yadda muke da shi. Mu a wurinmu ba a sakewa da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a hira da shi, ba a kallonsa ido cikin ido. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tashi na gani. Da aka yaye shi, wan Malam ya ɗauke shi zuwa Jidda, can ya girma, can ya yi karatu, can yake aiki a kamfani. Yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa. Idan ya zo da salla, a majalisa yake zama. Ni in gaishe shi daga bayan labule, "An zo lafiya?" Ya ce, "Alhamdulillah, ummi." Shi ke nan. Malam ya zauna da shi yana kallon bango. Su ci abinci, ya koma otal wurin matarsa. Tsakar gidan nan bai taɓa taka ta ba.

Wata salla, yana saurayi, ya ga mai kan azurfar a jingine a bakin ƙofa, Malam ya wanke ta ya shanya. Ya tambaya ta mece ce. Malam ya ce, "Ta yaƙi ce." Bai ƙara ba. Yaron ya je ya bincika, aka ce masa hafsoshi ne ke riƙe irinta. Daga nan ya gina wa kansa uba kaftin. Da ya fara samu, sai ya shiga sayen irin sandunan. Ta waya yake nemo su daga ƙasashe, a aiko masa a akwati mai laushin ciki. Duk zuwa da tasa.

Zai ajiye a gaban Malam, ya buɗe. "Abuya, wannan ta wani manjo ce na Turawa, tun yaƙin duniya."

Malam ya dubi bango. "To. An gode."

Da motar ta bar layi sai ya ɗago labule. "Hajiya, an kawo mana manjo. Ina ne babu ma'aikaci?"

"Tagar kicin tana faɗowa."

"Manjo, ka ji. Tashi."

Haka Manjo ya tokare tagar kicin har hayaƙi ya baƙanta shi. Kanar yana bayan gida, shi ke kashe kyankyaso. Laftana ke kaɗa awaki lokacin da muke da awaki, da suka ƙare aka mayar da shi zaro takalmi daga ƙarƙashin gado. Wata mai fata a jiki, wai daga Indiya, da ita nake tura shara cikin leda. Malam bai taɓa ajiye ɗaya a zaune ba. Ya ce sun huta a hammata ya isa.

Na ce masa, "Malam, ka faɗa wa yaron nan gaskiya. Yana ɓarnar abinsa."

Ya ce, "Ni in zauna in buɗe ciki ga ɗan fari? Ke ki faɗa masa."

"Ni?"

"To kin gani."

Kuma ba na raba ɗaya biyu Malam yana jin daɗin abin. Malam yana da nasa taurin kai da nasa mugun wasa. Duk wanda ya ce muku waliyyi ne bai zauna da shi ba. Mutum ne mai ƙorafi a kan gishiri, mai riƙe fushi, mai kashe fanka a tsakiyar zafin Madina wai tana sa masa mura. Idan ya ga dama ya yini bai ce uffan ba, ba don an yi masa komai ba. Kunnensa na hagu a mace yake, idan kuma ba ya son maganarki sai ya juyo miki shi.

Mai kan azurfar ita ce Kaftin. Ita ya zo da ita daga gida, a cikin ƙullin kayansa, shekarar da muka zo aikin Hajji muka zauna. Aikinta rariya. Rariyar gidan nan tana bin ƙarƙashin bango ta fita kwata, kuma tun da muka shigo take toshewa: ƙwayar shinkafa, ganyen shayi, maiƙo, gashi. Kullum idan ya dawo sallar asuba daga masallacin Ƙuba, sai ya sauya wando, ya tsuguna. "Kaftin, fito fareti." Kan azurfar yake turawa ciki. Ya zungura, ya juya, har ruwa ya wuce. Ya ɗauraye ta, ya soke ta a bayan bututu. Sannan ya wanke hannu da sabulu, ya hau tabarma, ya yi addu'a. Sunan da yake fara kira ba na ubansa ba ne, ba na uwarsa ba. Na daɗe ina jin sunan ban tambaya ba.

Faɗanmu mafi girma a kanta ne. Muna sabbin zuwa gidan, ina da cikin auta, warin sandar yana tayar mini da zuciya. Na ɗauke ta na jefa a bola, na samo masa guntun ƙarfe, wanda ya fi ta tsawo ya fi ta aiki. Ya dawo daga gona, ya duba bayan bututu. Bai gan ta ba. Ya fita, ya shiga bolar unguwa da ƙafafunsa, mutane suna kallo, Larabawa suna dariya. Ya tono ta. Ya dawo ya wuce ni. Ya daina cin abincina, ya koma sayen burodi da wake a shago. Ni ma na ƙi ba da haƙuri, ban ga abin da na yi ba. Muka yi ta zama haka kamar baƙi a tasha.

Ranar da ya gaji, ina tankaɗe, ya zo ya tsaya a kaina.

"Kin san abin da kika jefar?"

"Sandar kwata."

"Ta ci mutum."

Na ajiye abin tankaɗen. Ya zauna a kan turmi ya faɗa mini, sau ɗaya, bai kuma sake ba har ya mutu.

Lokacin yaƙin basasa ya shiga soja, shi da wani ɗan garinsu, rana ɗaya. Kwano ɗaya suke ci. Shi Malam aka ba shi odale, wato mai yi wa hafsa hidima: wankin kaya, gugar takalmi, dafa ruwan wanka, ɗaukar akwati. Bai taɓa wuce nan ba. Ko igiya ɗaya ba a ɗaura masa ba. Kaftin ɗin da yake yi wa hidima ba ya rabuwa da sandar, har makewayi da ita yake zuwa. Wata safiya wuta ta yi musu yawa a bakin wani kogi, suka tsallako a gigice, kaftin a kwalekwalen farko. Da suka iso wannan gaɓar ya shafa hammata, ba sanda. Ya bar ta a bukkar da ya kwana. Ya ce odale ya koma ya ɗauko. Ɗan garinsu ya ce ba zai bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Suka koma su biyu. Suka same ta a kan gado. A dawowa, ruwa ya kai musu ƙirji, harsashi ya sami ɗan garinsu a wuya. Malam ya riƙe shi, ruwa ya fi ƙarfinsa, ya tafi da shi.

"Na fito," in ji Malam, "sandar tana cikin wandona. Na tsaya a gabansa ina ɗiga. Mu biyu ya aika, ni kaɗai ya gani. Kin san abin da ya ce?"

Na girgiza kai.

"Ya ce, ina sandata."

Malam ya ce masa kogi ya cinye ta. Kaftin ya zaro ƙaramar bindiga ya buga masa gindinta a kunne. Kunnen ke nan har yau, har kabari.

Na ce, "Me ya hana ka karya ta? Ko ka sa ta a wuta?"

Ya ce, "Wuta hutu ce. Ba ta taɓa aiki ba tun da aka sassaƙa ta. Za ta yi."

Na tashi na zuba masa tuwo. Ya ci. Faɗan ya ƙare.

Malam bai taɓa dukan yaro ba. Auta ta fasa masa rediyo, ya dube ta, ya tattara gutsattsarin. Da tsufa ya kama shi, gwiwoyi suka ƙi, likita ya ce ya riƙa dogara sanda. Ya ƙi. Bango yake bi, in bango ya ƙare ya dafa kafaɗata. Na ce masa ni ba jaka ba ce. Ya ce, "Na sani. Jaka ba ta surutu." Haka muke zuwa asibiti, ina zaginsa a hankali yana juyo mini mataccen kunne.

Mutumin Damagaram kuwa, ga yadda aka yi. A gonar da Malam ya fi daɗewa yana ban ruwa da gyaran dabino, akwai wani mai kula da lebura, mai yawo da zangarniyar dabino a hannu. Mutumin Damagaram yana sabon zuwa, zazzaɓi ya kwantar da shi a gindin bishiya, ba ya jin Larabci, igamarsa, takardar izinin zama, tana hannun mai gona. Mai kula ya zo yana zungurinsa da zangarniyar a haƙarƙari, yana cewa ya tashi. Malam ya sauko daga tsani, ya karɓe ta daga hannunsa, ya ajiye a ƙasa, ya ce masa da Larabcinsa na kasuwa, "Yana da suna. Kira shi." Aikin Malam a gonar ya ƙare a ranar. Ya dawo gida da mara lafiya a bayan motar ɗaukar kaya, ya ce in dama kunu. Muka sha wuya kafin ya sami wata gonar. Na yi masa faɗa sosai, kuma har yau ina ganin da ya iya yin abin a hankali. Shi bai iya ba.

Wannan shi ne mutumin da aka sanar a waya cewa Kaftin ya rasu.

Ɗan fari ne ya sanar. Ya iso daga Jidda ana shirin kai gawa. Da aka dawo daga Baƙi'a ya ce wa auta ta tattaro masa sandunan abuya. Ita ta san inda kowace take, amma ba ta san dalili ba, kuma kunyar yayanta ta hana ta faɗa. Ta bi kicin da bayan gida da ƙarƙashin gado, ta zaro Kaftin daga bayan bututu, ta wanke su da omo, ta kai masa. Na ji shi ta tsagar ƙofa yana mata faɗa, wai mun bar kayan tarihi sun lalace, wai ba mu san darajar ubanmu ba. Ya goge su da mai, ya turara su da turaren itace mai tsada, ya shimfiɗa jan ƙyalle.

Rana ta uku da azahar auta ta zo ta durƙusa kusa da ni. "Inna, an kawo wani allo na tagulla."

"Na mene ne?"

"Yaya ya sa an rubuta. Wani abokinsa yana da gidan kayan tarihi wajen masallacin Ƙiblatain. Bayan magariba zai zo da akwatin gilashi ya kwashe sandunan, a kafa allon a jiki, masu ziyara su riƙa gani."

"Me aka rubuta?"

Ta sunkuyar da kai. "Sunan Baba. Da Kaftin a gaba. Da gwarzon yaƙi."

Kabarinsa ba suna. Wuri ɗaya a duniya da za a rubuta sunan Malam, kuma za a manna masa sunan mutumin da ya kashe masa kunne ya kashe masa ɗan gari. Na zauna da abin a ƙirjina. Shekara hamsin ban yi wa yaron nan magana ta wuce gaisuwa ba. Ban san ta inda ake farawa ba.

Rariya ce ta fara mini. Kwana uku ana wanke tukwanen shinkafa, ana zubar da maiƙon rago da dusar gahawa, kuma mai aikin tana majalisa a kan jan ƙyalle tana shan turare. Bayan la'asar ta toshe. Ruwa ya taru, baƙi, mai kumfa, ya mamaye tsakar gida. Mata suka tattare zannuwa suka hau dakali. Mai tambayar rago ko kaza ta ɗaga jakarta sama tana salati. Ruwan ya nufi ƙofar majalisa, inda aka shimfiɗa kafet ɗin haya, ga maza sun fara zuwa.

Ɗan fari ya turo ƙofa ya shigo, farar jallabiyarsa a ɗage, waya a kunne, yana neman mai gyaran famfo. Aka ce masa sai gobe. Ya kira wani, shi ma gobe.

Na ce, "Kai."

Ya waiga yana neman wanda ake kira.

"Da kai nake."

Wayar ta sauka daga kunnensa. Ya ce, "Na'am, ummi."

"Je ka ɗauko mai kan azurfar."

"Don me?"

"Aikinta ne."

Ya dubi rariya, ya dube ni. Da Larabci ya amsa, ni kuma ban bar Hausata ba. "Ummi, wannan abin kunya ne. Darajar abuya ce. Da ita ya jagoranci mutane."

"Ubanka bai jagoranci kowa ba. Odale ne. Wankin kamfan kaftin yake yi."

Wata a kan dakali ta ja numfashi. Ban dube ta ba. Na faɗa masa kogin, da bukkar, da ɗan garinsu, da abin da kaftin ya tambaya, da kunnen. Ban ƙawata ba, yadda aka ba ni na ba shi. Na faɗa masa inda Manjo yake aiki, da Kanar, da ta Indiya. Ruwa ya taɓa takalminsa bai matsa ba.

Ya ce, "Na riga na faɗa wa mutane. Na sa a waya. Abokan aikina sun zo daga Jidda. Me zan ce musu?"

"Abin da na ce maka."

"Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

"Ba a hira da ɗan fari."

"Wace irin al'ada ce wannan?"

"Tamu ce. Yau na karya ta a gaban mutane, kana gani. Kada ka sa in yi a banza."

Da ya sake magana muryarsa ta ragu. "Duk shekarun nan ina saya masa, ina zaton ina faranta masa. Ashe dariya yake mini."

"Ba kai yake wa dariya ba. Su yake wa. Duk sallar da za ka zo, tun da safe yake cewa ko wane muƙami yaron nan zai kawo mana bana. Ba wanda ya taɓa kawo masa ma'aikata kamar kai."

Ya juya ya shiga majalisa. Ya bar ƙofar a buɗe, na ja mayafi na rufe fuska, na bar ido. Tsohon hafsan nan ya riga ya iso, kwana uku bai fasa ba, shinkafar gidan ta karɓe shi. Kaftin tana hammatarsa. Ɗan fari ya ce, "Da izini, ya ammi," ya zare ta. Ya dawo tsakar gida, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna cikin ruwan. Ya riƙe kan azurfar a tafinsa ya tura gindin.

Na ce, "Juya ta. Kan ne ke shiga."

Ya juya ta. Bai iya ba, hannunsa bai saba ba, ya yi ta zungurin bango. Mutumin Damagaram, da ya shigo da tulun gas ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ka karkata hagu, Alhaji, ka murɗa. Haka Baba yake yi." Ya karkata, ya murɗa. Rariya ta yi gyatsa, ruwa ya fara tafiya.

Daga majalisa hafsan ya leƙo. "Subhanallahi. Sandar hafsa ce fa wannan. Kun san abin da kuke yi kuwa?"

Ɗan fari bai ɗago ba. Da Hausarsa mai karkata ya ce, "Ta rariya ce, Alhaji. Kwana uku kana riƙe da ita."

Hafsan ya dubi tafin hannunsa. Bai tsaya cin shinkafa ba ranar.

Da ruwa ya janye, ɗan fari ya ɗauraye ta a famfo. Auta ta nuna masa bayan bututu, ya soke ta. Jallabiyar ta tashi daga aiki. Ya wanke hannu, ya zo ya durƙusa nesa da ni kaɗan, yadda ya kamata.

"Ummi, mutumin kogin. Yaya sunansa?"

Na faɗa masa. Ya maimaita, ya ɓata shi, na gyara masa, ya sake.

Bayan magariba mai akwatin gilashi ya zo, ya sha gahawa, ya koma da akwatinsa ba komai. Allon tagulla ban san inda aka kai shi ba, ban tambaya ba. Da dattawan Hausawa suka ɗaga hannu za a shafa addu'ar tashi, na kara kunne a tsagar ƙofa. Na ji ɗan fari ya ce a sa mutum biyu. Ya fara kiran na kogin, sannan ubansa. Ban gaya masa haka Malam yake jerawa ba.

Har yanzu akwai masu cewa gidan Kaftin idan suna kwatance. Matar nan da ta kama hannuna ba ta sake zuwa ba, tun da ta ji matar odale ce ni. Ta kyauta. Manjo ya koma taga, Kanar ya koma bayan gida. Ɗan fari yana kira ranar Juma'a. Ba mu iya doguwar magana ba, ni da shi. Yakan tambayi rariya, in ce tana tafiya.

Wanda ya ji wannan ya riƙe: Malam odale ne, sannan lebura a gonar dabino. Mai ƙorafin gishiri ne, mai kunne ɗaya. Bai taɓa nuna ɗan Adam da sanda ba. Allah ya yafe masa, ya yalwata masa inda yake kwance, ya haɗa shi da ɗan garinsu a inda ba mai aiken wani. Gwiwoyina ni ma sun fara ƙi, amma ina iya tsugunawa. Kaftin tana da fareti gobe da safe.